Shawara: Likita ya ce tiyata, 'yan gida sun ce ragwanci ne

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 38, da aure da yara uku. Tun ina firamare ni ce mai ƙibar ajinmu, har yau kuwa abin gaba yake yi. Tsayina mita 1.62, nauyina kilo 118. Babu irin rage cin da ban gwada ba. Akwai lokacin da na zubar da kilo 20, kafin shekara biyu suka dawo har da ƙari. Na sha shayin rage teɓa har sai da ya kwantar da ni. Yanzu ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyina sun hana ni hawa bene, maigidana kuma ya ce numfashina yana ɗaukewa cikin minshari da daddare. Likitana ya ce in yi tunanin tiyatar rage tumbi. Mahaifiyata ta ce ba za a yanka mata 'ya da ranta da lafiyarta ba. Ƙanwar maigidana ta ce ragwanci ne, in rufe bakina kawai in ga ko ba zan rame ba. Ina jin kunya, ina jin tsoro. Anti, in yi, ko in sake gwada rage ci?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da maganar ƙanwar maigidanki, domin na lura ita ta fi ci miki rai ko da yake a ƙarshe kika kawo ta. Macen da ta zubar da kilo 20 da ƙarfin halinta, tana girka wa mutum biyar abinci, tana zuba musu tana kawar da kai, wata da watanni, ba a kiran ta raguwa. Masu cewa "rufe bakinki kawai" yawancinsu ba su taɓa kwana da irin yunwar da kika kwana da ita ba. Dawowar kilon nan har da ƙari kuwa, ita ce ke samun mafi yawan masu irin jikinki, kuma likitoci sun san dalilinta.

Jiki yana da nauyin da ya saba da shi, kuma in an taɓa shi sai ya tashi tsaye ya kare shi. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano wani sinadari, leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Da kin rame, leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka bala'in yunwa ne ya sauka. Sai ta ƙara miki sha'awar abinci, ta kuma rage yawan abin da jiki ke ƙonawa ko kina zaune ko kina barci. A 1999 masu bincike a Japan suka gano wani kuma, girelin, wanda tumbi ke fitarwa, shi ne mai tada yunwa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2011 ya ɗauki masu ƙiba 50, aka sa su tsananin rage ci na mako 10 har suka rame. Da aka sake auna su bayan shekara guda, girelin ɗinsu yana nan sama da yadda yake kafin su fara, yunwarsu ma haka. A 2016 kuma aka duba mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka. Shekara shida bayan gasar, jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a rana ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu, kuma yawancinsu sun mayar da mafi yawan abin da suka zubar. Waɗannan mutane ne da duniya ta ga wahalar da suka sha da idonta.

Tunda kin ce tun firamare kike haka, akwai gado a ciki. A 1986 Albert Stunkard ya bi diddigin mutanen da aka ba da su riƙo tun suna ƙanana a Denmak, ya tarar nauyinsu bayan sun girma ya bi na iyayen da suka haife su, ba na waɗanda suka raine su suka ciyar da su ba. Yarinya 'yar shekara bakwai ba ta zaɓi wannan ba. Don haka kunyar nan ki sauke ta. Tun 2013 ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta, a jerin su suga da hawan jini, kuma ba na jin kin taɓa jin kunyar shan maganin hawan jininki.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, ko ki sake gwada rage ci. Ba zan raina rage ci ba. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 6 zuwa 12 a wajenki, yana saukar da suga da hawan jini saukarwa ta gaske, gwiwoyi ma suna samun sa'ida. Amma in burin shi ne ki koma matsakaicin nauyi ki zauna a can, gaskiya ta fi: da wuya. Ma'aunin BMI ɗinki, wato nauyi a raba da tsayi sau tsayi, ya kama kusan 45. Daga 30 ake kiran mutum mai ƙiba, daga 40 kuma ƙibar ta kai mataki mafi tsanani. Wani bincike da aka yi kan bayanan marasa lafiya a Birtaniya, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa a cikin mata masu BMI tsakanin 40 da 45 da ba a yi musu tiyata ba, mace 1 cikin 677 ce ke komawa matsakaicin nauyi a shekara. Ba zan ce miki ki jingina rayuwarki da wannan lissafin ba, alhali suga na cin idanu da ƙoda a ɓoye.

Shayin nan kuwa, don Allah kada ya sake shiga bakinki. Yawancinsu maganin gudawa ne ko na sa fitsari, ruwan jiki suke kwashewa, kitse na nan inda yake. An sha kama wasu da sinadarin sibutiramin a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ga mai hawan jini irinki, wannan guba ce.

Likitanki bai yi gaggawa ba. Tun 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tsayar da cewa ana iya yi wa mai BMI 40 tiyata, ko mai 35 in yana da wata cuta da ƙibar ta jawo. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ma'aunin zuwa 35 ko babu wata cuta. Ke kin cika duk sharuɗɗan, na da da na yanzu.

Mutane da yawa suna ɗauka zuƙe kitse ake yi. Ba a taɓa kitse ko kaɗan. Ta ƙananan huji huɗu ko biyar ake shiga ciki da kyamara da dogayen kayan aiki, a yi aikin a kan tumbi, yawanci mutum ya kwana ɗaya zuwa uku a asibiti. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko, wanda aka fi yi a duniya yanzu, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi, a bar siririn sashe mai siffar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Na biyu shi ne na karkata hanyar abinci, wanda Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa a shekarun 1960. A wannan ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, wanda bai wuce mililita 30 ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Abin da ya sa nake ɗaukar tiyatar nan da muhimmanci shi ne, ba wurin zuba abinci kawai take ragewa ba. Sashen tumbin da ake cirewa shi ne ke fitar da mafi yawan girelin, hanji kuma yana ƙara fitar da sinadaran ƙoshi da wuri. Wato tana taɓa ainihin abin da ya kayar da ke a baya. Mutane da yawa sukan ce karon farko ke nan a rayuwarsu da tunanin abinci ya bar kansu ya huta. Sugan wasu ma yakan sauka cikin kwanaki, tun kafin su zubar da wani abin kirki. A wani gwaji da aka yi a Cleveland ta Amurka kan masu suga 150, bayan shekara biyar kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka karkata wa hanyar abinci sugansu ya dawo daidai da ma'aunin da aka sa, kashi 23 na waɗanda aka yanke wa tumbi, kashi 5 kacal na waɗanda aka bari a kan magani kaɗai. Ki duba alƙaluman nan da kyau: tiyata ta fi magani nesa ba kusa ba, amma ba kowa take raba shi da suga ba, wasu kuma yakan dawo musu bayan shekaru. Wanda sugansa bai daɗe ba, bai kai ga allurar insulin ba, ya fi samun nasara, shi ya sa jan ƙafa ke da nasa farashi. A Suwidin kuma tun 1987 ake bin mutum sama da 4,000, rabinsu an yi musu tiyata, rabi ba a yi ba. Rahoton 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kashi 29 cikin 100 a ɓangaren masu tiyata, na 2020 kuma ya nuna sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku.

Ina so ki shiga da lissafin gaskiya a kanki. Yawanci ana zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyi, mafi yawansa cikin wata 12 zuwa 18 na farko. A wajenki kilo 30 zuwa 35 ke nan, ki sauka wajejen 85. Ba siririya za ki koma ba, kuma bayan shekara biyu ko uku wasu 'yan kilo sukan dawo. Fata za ta saki a hannu da ciki da cinya. In burinki ki rufe bakin masu magana ne, za su samo wata maganar. In burinki ki hau bene ba ki tsaya a tsakiya ba, ki yi barci numfashi bai ɗauke ba, ki rage ƙwayoyin da kike haɗiya kullum safe, to wannan ana samu sosai.

Tsoron Mama kuwa tsoron uwa ne, kada ki yi mata musu da fushi. Tiyata ce babba kuma ana mutuwa a cikinta, sai dai a cibiyoyin da suka ƙware haɗarin ya kama kimanin mutum 1 cikin 1,000, kusa da na tiyatar cire madaciya. Abin da likitoci suka fi tsoro a kwanakin farko shi ne yoyo a wurin ɗinki, da zubar jini, da gudan jini da kan toshe jijiyar ƙafa ko huhu, shi ya sa ake tayar da mutum ya yi tafiya tun ranar da aka yi masa aikin. Bugun zuciya da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko sarƙewar numfashi bayan an sallame ki, ba a jiran gari ya waye. Inda zan ɗan saɓa wa Mama shi ne a "da ranta da lafiyarta". Ran yana nan alhamdulillahi, amma lafiyar ita ce ke zubewa a hankali, kuma zama haka shi ma haɗari ne, sai dai shi ba ya zuwa a rana ɗaya ballantana a gan shi.

Ga abin da ba a cika faɗa wa mutane ba: wadda ta yi tiyata ba ta rabu da rage ci ba, sabon tsarin ci ta shiga na har abada. Kafin aikin ma, za a sa ki kamar mako biyu a kan abinci kaɗan don hanta ta motse likita ya samu wurin aiki. Bayan aikin, kwanaki za ki yi a kan ruwa-ruwa kawai, kina kurɓa kaɗan-kaɗan daga ɗan kofin magani, kina duba agogo. Sai abin da aka markaɗa, sai mai laushi, kafin wajen mako shida ki dawo ga abinci sosai. Ranar da kika dawo ɗin, cokali huɗu ko biyar za ki ci ki ji kin cika har wuya, alhali kowa a gidan bai kai rabin kwanonsa ba. Loma ɗaya ta ƙari, ko wadda ba a tauna sosai ba, sai ta tsaya miki a ƙirji, wani lokaci sai an amayar. Ba a haɗa ci da shan ruwa, sai an ba da tazarar kamar minti 30. Abin gina jiki ake fara ci, ƙwai ko kifi ko nama ko wake, a nemi giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, in wuri ya rage sannan sauran. Wadda aka karkata wa hanyar abinci in ta sha abu mai zaƙi sosai, cikin rabin awa sai gumi ya karyo mata, zuciya na bugawa, ga jiri ga murɗar ciki. Wajen wata na uku zuwa na shida za ki ga gashi a jikin mataji fiye da yadda kika saba. Yana tsayawa ya sake fitowa, amma gara ki sani tun yanzu. Saurin ramewa yana jawo tsakuwar madaciya ga wasu. Yanke tumbi yana iya tsananta ƙwannafi, don haka in kina fama da shi ki gaya wa likita, zai iya sa ya zaɓi ɗayar hanyar. Magungunan ciwo irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda na san masu ciwon gwiwa ba sa rabuwa da su, suna jawo gyambo bayan karkata hanya, dole a sauya miki su.

Sannan bitamin. A nan ne nake so ki tsaya ki tambayi kanki da gaske. Ƙaramin tumbi ba ya iya tatsar isasshen bitamin B12 da sinadarin ayon da kalsiyam da bitamin D daga abinci, don haka za ki sha ƙarinsu kullum har ƙarshen rayuwa, ana duba jininki a kai a kai, aƙalla sau ɗaya a shekara bayan an wuce shekarar farko. Wadda ta ji daɗin jikinta ta watsar da su, bayan shekaru sai ƙarancin jini, ƙashi ya yi rauni, ƙafafu su riƙa mutuwa. Yawan amai a watannin farko kuma yana iya ƙarar da bitamin B1 cikin makonni, abin da kan taɓa ƙwaƙwalwa in ba a yi maza ba. Saboda haka tambayar da ke gabanki ita ce: shin zan iya riƙe magani da gwajin jini da zuwa ganin likita shekara da shekaru, ina da halin hakan, ina da asibitin da zai ci gaba da bibiyata? In amsar e ce, ra'ayina shi ne ki karɓi shawarar likitanki ki fara shiri. In a'a ce, a dakata har sai an gyara wannan. Kada ki yarda da wurin da zai yi miki aiki ya sallame ki ba tare da tsarin bibiya ba, komai arharsa, komai kyan tallarsa.

Shekararki 38, don haka maganar ciki ma tana nan. Ramewa tana dawo da haihuwa ga matan da al'adarsu ta rikice saboda ƙiba, sau da yawa ba zato. Ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aikin, kuma ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba ta da tabbas bayan karkata hanya. Ku zauna da maigida da likita a kan wannan tun kafin ranar.

Akwai abin da ba ki faɗa ba, ni kuma zan tambaya. Yarinyar da ta tashi ana tsokanarta a aji, sau da yawa abinci ne ke zama mai lallashinta. In kina samun kanki kina ci a ɓoye in ranki ya ɓaci, kina ci har ki rasa yadda za ki tsaya, ki gaya wa likitocin ba tare da kunya ba. Wuƙa ba ta kai nan. Wadda aka ɗauke mata abin lallashinta ba a ba ta wani ba, takan shiga damuwa, ko ta koma tsakurar kayan zaƙi da abin sha duk yini, waɗanda ke wucewa ta ƙaramin tumbi salin-alin su dawo da nauyin. Shi ya sa cibiyoyin kirki ke haɗa mutum da masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa kafin a kai ga ɗakin tiyata. Ganinsu ba zargi ba ne, sashe ne na maganin.

Ki kuma tambayi likitanki game da alluran rage ƙiba na zamani. Wegovy, da aka amince da ita a Amurka a 2021, ta saukar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi a gwaji. Zepbound ta 2023 ta kai wajen kashi 20. Ga masu suga sakamakon yakan ɗan gaza haka. Sau ɗaya ake yin su a mako, kuma ana ci gaba da yi ne ba tsayawa: waɗanda suka daina Wegovy sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. Hanya ce ta gaske ga wadda tsoron wuƙa ya hana ta motsi, kuma wasu allurai irin waɗannan suna maganin suga kai tsaye. Amma daga hannun likita, kada ki saya a intanet, jabu sun yi yawa.

Abin da zan so ki yi a watan nan bai da yawa. Ɗaukewar numfashin nan da maigida ya gani, ki nemi a yi miki gwajin barci, domin tana tayar da hawan jini, kuma masu ba da maganin barcin tiyata dole su san da ita. In an tabbatar, akwai na'urar da ake sawa a hanci da daddare. Ki fara koyon cin abinci a hankali, da raba ci da sha, da barin lemon kwalba, tun yanzu da tumbinki ke yafe miki kuskure. In kin je ganin likitan tiyata, ki tambaye shi irin wannan aiki nawa yake yi a shekara, matsaloli nawa ya gani, wa za ki kira in abu ya taso da tsakar dare, kuma shekara nawa za su bibiye ki. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ranar kuma ki roƙi Mama ta raka ki, ta zauna ta yi wa likitan duk tambayar da ke ranta da bakinta, a nuna mata sakamakon gwajin suganki da na ƙodarki. Ƙanwar maigida kuwa ba lallai ne ta san ranar da aka sa ba. Allah Ya ba ki lafiya, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.